Gasar Championship ta Ingila da ƙofar shiga Firimiya

A gidajen kallon ƙwallo na garuruwanmu da wuya a ji ana musu a kan gasar Championship, sai fa idan wata ƙungiya mai suna ta faɗo daga Firimiya, a sami abin zolayar magoya bayanta. Alhali kuwa kowace shekara uku daga cikin ƙungiyoyi 20 da ke buga Firimiya daga wannan gasa suke haurowa. A ganina darajarta tana ga abu guda, wato ita ce ƙofar da ƙaramar ƙungiya ke bi ta kai ga manya da ƙarfin ƙafarta, kuma yawancin tarihinta labari ne na yadda aka yi ta gyara wannan ƙofa domin a yi wa kowa adalci.

An kafa gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila a 1888 da ƙungiyoyi 12. Bayan shekara huɗu, a 1892, aka buɗe rukuni na biyu, wato tushen Championship ta yau, shi ma da ƙungiyoyi 12, waɗanda akasarinsu suka fito daga wata gasa mai hamayya da ake kira Football Alliance. Ƙungiyar Small Heath, wadda a yau aka sani da Birmingham City, ita ce ta fara lashe rukunin, amma ba ta haura ba, domin a wancan zamani ɗaukar kofi ba ya wadatarwa. Sai an haɗa na saman rukuni na biyu da na ƙasan rukuni na ɗaya sun buga wasan gwaji, wanda ya yi nasara shi ne zai zauna a sama. Small Heath ta sha kashi a hannun Newton Heath, ƙungiyar da daga baya ta zama Manchester United. Wannan tsari ya rushe ne a 1898, lokacin da Stoke da Burnley suka haɗu a wasan gwaji na ƙarshe, kowace ta san canjaras ya ishe ta, suka tashi babu ci ba tare da wata ta yi ƙoƙarin kirki ba. Daga nan hukumar gasar ta soke wasannin gwaji, ta mayar da hawa da sauka ya dogara ga matsayin ƙungiya a tebur: biyu su hau, biyu su sauka. A kakar 1973/74 aka mayar da adadin uku.

Duk da haka ba kullum aka bar filin wasa ya yanke hukunci ba. A 1919, da aka dawo wasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, an faɗaɗa rukunin farko daga ƙungiyoyi 20 zuwa 22, kuma ta hanyar jefa ƙuri'a aka ɗaga Arsenal, wadda ta ƙare a matsayi na biyar a rukuni na biyu, aka saukar da Tottenham daga rukunin farko. Tun daga ranar Arsenal ba ta sake sauka ba, magoya bayan Tottenham kuma ba su manta ba. Manchester United kuwa ta faɗo a 1974, ta lashe rukuni na biyu a kakar da ta biyo baya, ta koma gurbinta.

Sunan gasar ya sauya sau biyu. A 1992 manyan ƙungiyoyi suka ɓalle suka kafa Firimiya domin su riƙa cin gajiyar kuɗin talabijin su kaɗai, sai rukuni na biyu ya gaji sunan rukuni na ɗaya, ko da yake matsayinsa bai canja ba. A 2004 aka raɗa masa Championship.

Ƙungiyoyi 24 ne ke fafatawa, har da na yankin Wales irin su Swansea da Cardiff a duk lokacin da suke wannan mataki. Kowace tana karawa da kowace gida da waje, wasa 46 ke nan daga Agusta zuwa Mayu, sau da yawa Asabar da tsakiyar mako, abin da ke sa ƙungiyar da ba ta da isassun 'yan wasa ta gaji tun kafin sanyi ya wuce. Nasara maki uku ce, canjaras maki ɗaya. Ukun ƙarshe suna sauka zuwa League One, wato mataki na uku, ta ɗaya da ta biyu kuma suna haurawa Firimiya kai tsaye. Reading ce ta kafa tarihin tara maki 106 a kakar 2005/06, Aleksandar Mitrović kuma ya ci wa Fulham ƙwallo 43 a kakar 2021/22.

Gurbi na uku shi ne inda gasar ta fi zafi. Tun 1987 ake buga wasannin cike gurbi, kuma a al'adar da aka daɗe a kai, ƙungiyoyin da suka zo na uku zuwa na shida ne suka riƙa karawa gida da waje, sannan biyun da suka tsallake su haɗu a wasa guda a filin Wembley. Wanda ya kalli karawar Watford da Leicester ta watan Mayun 2013 ya san abin da wannan tsari ke iya haifarwa. Ana cikin mintunan ƙarin lokaci na karawa ta biyu, jimillar ƙwallaye biyu da biyu, alƙalin wasa ya ba Leicester fenariti. Anthony Knockaert ya buga, mai tsaron raga Manuel Almunia ya tare, ya sake tare ta biyu da ta dawo, 'yan Watford suka kwashi ƙwallon da gudu, kafin a cika rabin minti Troy Deeney ya ɗirka ta a ragar Leicester, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili. Watford ta sha kashi a wasan ƙarshe a hannun Crystal Palace, ita kuwa Leicester ta lashe gasar a shekarar da ta biyo baya da maki 102, sannan ta ɗauki kofin Firimiya a 2016.

Akwai masu ganin tsarin ba adalci ba ne, kuma suna da hujja. A 2025 Sheffield United ta ƙare ta uku da maki 90, Sunderland ta huɗu da maki 76, amma Sunderland ce ta yi nasara a Wembley ta haura. Wannan abu ne mai ciwo, sai dai ni ina goyon bayan tsarin, domin kowa ya san ƙa'idar tun ranar farko, a fili ake yanke hukunci, kuma yana sa ƙungiyar da ke tsakiyar tebur a watan Maris ta ci gaba da wasa da zuciya ɗaya.

'Yan Najeriya ma sun bar sawunsu a nan. Jay-Jay Okocha yana Hull City a kakar 2007/08 da ta fara haurawa Firimiya, Odion Ighalo ya ci wa Watford ƙwallo 20 a kakar 2014/15 da ta samu hawa, Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho kuma suna cikin Leicester da ta ɗauki kofin a 2024.

Abin da ke damuna shi ne kuɗi. Tazarar da ke tsakanin kuɗin talabijin na Firimiya da na Championship ta yi faɗin da masu ƙungiyoyi ke kashe abin da ba su da shi, da fatan haurawa za ta biya bashin. Derby County ta shiga wannan rami, aka zaftare mata maki 21 a kakar 2021/22, ta sauka League One. Ƙungiyoyin da suka faɗo daga Firimiya kuma ana ba su tallafin kuɗi na wasu shekaru domin su iya biyan albashi, wanda hakan ke sa su fara kaka da fifiko a kan sauran. Waɗanda suka haura ma ba su tsira ba, domin a kakar 2023/24 da ta 2024/25 duk ukun da suka hau sun dawo nan take. Luton Town, wadda baƙi ke shiga filinta ta tsakanin gidajen unguwa, ta taso daga mataki na biyar a 2014 har ta kai Firimiya a 2023 bayan ta doke Coventry a bugun fenariti, amma ta sauka a 2024, ta sake sauka zuwa League One a 2025.