Silin zare ɗaya

Laraba. Hazo ya sauko sosai yau, na shiga bas daga Tudun Wada zuwa Samaru hanci a toshe. Da ƙyar na riski darasin gwaji na ƙarfe goma, na kimiyyar binciken laifuka.

Malam ya raba mana salatif, ya ce kowa ya manna a kafaɗar na kusa da shi ya ɓare. Abin da ya biyo salatif ɗin daga kafaɗata ya ba ni kunya: zaren hula, gashi, har da wani jan sili da ban san inda na kwaso shi ba, wataƙila kujerar bas. Ya ce ka'idar Edmond Locard ke nan, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a Liyon a 1910: duk abu biyu da suka gogi juna, sai ɗaya ya bar wa ɗaya alama.

Ni kuwa da tawa manufar na zo. Na zare sili daga cikin shaddar da na ɗinka da sallah, wadda mai shago ya rantse mini auduga ce zalla. Na ɗora a gilashi da matsefata, na leƙa maikiroskof. Audugar tana nan, a baje a murɗe kamar busasshiyar igiyar kaba. Amma kusa da ita ga wani zare santal, sumul kamar sandar gilashi, da ɗige-ɗigen baƙi a cikinsa. Malam ya ce hodar titaniyam dayoksaid ce da masana'anta ke zubawa don kashe ƙyalli. Auduga ba ta da wannan.

Muka kai shi na'urar FTIR, mai haska zare da hasken infared ta zana abin da ya shanye. Layin da ta zana ya yi tsini mai ƙarfi wajen lamba 1715 a ma'auninta. Foliyesta, zaren roba! Da nailan ne, da tsinin ya fito wajen 1640 da 1540, akirilik kuwa wajen 2240. Kuɗina dai sun tafi.

Wani ya tambaya ko da wannan kaɗai za a ɗaure mutum. Malam ya girgiza kai, ya ce dubban mutane ke sanye da yadi iri ɗaya, iyakar abin da masani zai faɗa wa kotu shi ne zaren ya dace. Ko a shari'ar Wayne Williams, wanda aka tuhuma da kisan kai a Atlanta ta Amurka, a 1982, ba zaren kafet ɗin ɗakinsa kaɗai aka kawo ba, iri-iri aka tara har da gashin kare.

Da daddare na ba Inna labari ina taƙama. Ta ce, "Wannan ne sai da inji? Miƙo ashana." Ta ƙona bakin zaren, ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin, ta murza a yatsa ya ƙi zama toka.

Na ce, "Inna, to in sili ɗaya ne tal aka samu a jikin gawa, kin ƙone shaidar ke nan."

Ta ce in dai shaddata ce, gobe in kai wa mai shagon ashanar.