Tumatirin takin gida a kasuwar 'Yankaba

A 2016, shekarar da tsutsar nan mai shiga cikin ganye da ake kira sharon ta cinye mana tumatir, ina cikin waɗanda suka rikice da feshi. Gonata tana wajen Kura, cikin filin noman ranin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Duk maganin da mai shago ya miƙo sai in saya, in goya famfo, bayan kwana uku in sake. Tsutsar kuwa tana cikin ganye abinta, ko a jikinta. Wata rana na dawo kaina na sarawa saboda warin magani, na tarar da uwargida tana jajjagen tumatirin da na tsinko washegarin feshi. Abin ya tsaya mini a rai.

Da rani ya zagayo sai na ware fangali ashirin, na ce waɗannan ba takin zamani, ba maganin shago. Tun a farko na yi kuskure: na zuba kashin shanu ɗanye, dashen ya ƙone, ciyawa ta taso kamar ita na shuka. Wani dattijo maƙwabcin gonata ya duba ya ce, "Yaro, taki sai ya ruɓe. Tara shi wuri ɗaya, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa, sai ka sa hannu ka ji ya daina zafi." Na ce, "Na gode, Baba." Shi ya kuma koya mini haɗin darbejiya. A daka 'ya'yanta, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma domin rana tana rage masa ƙarfi. Aiki ne ja, duk mako sai an sake, kuma ganyen da tsutsa ta shiga da hannu nake tsincewa.

Amfanin bai kai na sauran gonar ba, wasu ma da tabo a jikinsu. Amma ƙasar ta yi laushi, ta fi riƙe ruwa, kuma wanda muka ajiye a gida ya fi jure kwanaki kafin ya yi ruwa.

Da murnata na kai kwandunan 'Yankaba, ina ta bayanin yadda na noma su. Dillalin ya saurare ni tsaf, ya ɗaga guda ɗaya ya juya, ya ce, "Malam, mai saye da ido yake ciniki." Aka saya ƙasa da kuɗin tumatirin da aka yi wa feshi. Ban ga laifinsa ba. Kwando ba ya ɗauke da shaida, kuma da an kasa a faifai shi ke nan, ba mai sanin gonar da ya fito.

Daga nan na daina kai na waɗannan fangalin kasuwa. Wata mai sayar da abinci da gidaje shida da suka san ni su ke saye kai tsaye, biyu daga cikinsu har gonar sun taka sun gani. Sauran gonar har yanzu ina sa mata NPK da yuriya, amma bisa takin gida, kuma buhunan sun ragu. In feshi ya zama dole, ina duba kwanakin jira kafin tsinka da aka rubuta a jikin kwalbar, in rubuta ranar da gawayi a bangon rumfa. Ko tumatir ya yi tsada a kasuwa, ba a taɓa kwando sai kwanakin sun cika.