Yadda na kafa kyamarar tsaro ba daidai ba har aka sace mini injin ruwa

Ƙannena masu shirin sa kyamara a gida, ku saurare ni kafin ku jingina tsani. Ni ranar da na sayo tawa na kafa ta, ban tambayi kowa ba, kuma wannan gaggawar ta ja mini asarar injin jan ruwa da na daɗe ina tara kuɗinsa.

Mai sola ce, da layin waya a cikinta. Na ɗaura ta can ƙarƙashin rufi, kusan mita 4 daga ƙasa, don kada ɓarawo ya kai hannu. Na saita ta tana fuskantar ƙofar gida sak, ta haɗa da rabin titi da dalbejiyar da ke bakin katanga. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. A-daidaita-sahu ya wuce, saƙo. Awakin unguwa sun gifta, saƙo. Da rana ganyen da ya sha zafi ya kaɗa, saƙo. Bayan mako biyu na gaji, na kashe ƙarar sanarwar gaba ɗaya. Daren da aka shigo saƙon ya zo, ina barci ban ji ba. Da safe na buɗe bidiyon da hannu yana rawa, abin da na samu saman hula da kafaɗa, kuma mutumin ya riga ya kai wajen injin kafin ta fara ɗauka. Na nuna wa mai unguwa da 'yan sintiri, babu wanda ya gane shi.

Daga baya wani mai aikin wuta ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Yawancin kyamarori masu batir suna da ɗan ido mai jin ɗumin jiki, za ku ga an rubuta PIR a kwalinsu. Idon nan yana farkawa ne idan abu mai ɗumi ya ratsa gabansa daga gefe zuwa gefe. Wanda ya nufo shi kai tsaye, sai ya matso sosai yake jin sa. Ni kuwa na ɗora ta daidai kan layin da mai shigowa zai bi, ga nisa, ga tsayi. Galibinsu ba sa jin mutum da kyau idan ya wuce mita 7 zuwa 10. Sannan a bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40 kuma bango ya kwana da zafi, ɗumin mutum da na bango sun kusa zama ɗaya, sai jin nata ya ragu. A watannin nan ku ƙara mata ƙarfin ji a manhaja.

Kada ku ajiye ta a bayan gilashin taga, idon ba ya jin ɗumi ta gilashi, kuma da dare haskenta zai dawo mata ya rufe hoton. Haka farin bango idan yana dab da ita. Ku nisanta ta da janareta da bayan na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada ta kalli fitowar rana ko faɗuwarta. A hunturu ƙura na lulluɓe gilashinta, gizo-gizo kuma na son saƙa a gabanta saboda ƙwarin da haskenta ke tarawa. Duk Juma'a nake goge tawa da ƙyalle mai laushi.

Abin da ya fi asarar injin yi mini ciwo shi ne ranar da maƙwabcina, dattijo, ya yi sallama ya ce, "Ɗana, kyamarar nan taka tana leƙa tsakar gidana." Na duba, gaskiya ne, har igiyar shanyar iyalinsa tana ciki. Na ba shi haƙuri, a ranar na sauke ta.

Yanzu tana mita 2 da rabi, a gefen hanyar da ta taso daga ƙofa zuwa ɗaki, ta ɗan sunkuyo ƙasa, na kuma cire titi daga wurin da take lura da shi. Kafin na ɗaure kusoshin, na sa ƙanena ya shigo bayan isha'i sau huɗu: ta ƙofa, ta jikin katanga, da sauri, da sanɗa. Ta jikin katanga ba ta kama shi ba, sai da na juya ta kaɗan zuwa hagu muka sake gwadawa, fuskarsa ta fito sarai.