Kwalabe uku, suna ɗaya

Fularin, wanda ake rubutawa C60, ƙwayoyin zarra 60 ne na kabon da suka haɗu suka yi siffar ƙwallon ƙafa. Kroto da Curl da Smalley ne suka gano shi a Jami'ar Rice ta Amurka a 1985, aka ba su kyautar Nobel a 1996. Ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan. Sai dai in an matsa masa, yakan tattaru ya zama ƙananan dunƙule masu yawo cikin ruwa, su yi watanni ba su kwanta ba. A kansu nake aikin digirina na biyu a nan Jidda.

Hanyoyi uku muke bi wajen samar da waɗannan dunƙulen. Ta farko haƙuri kawai take so: a zuba baƙin garin a ruwa, a bar na'ura tana jujjuya shi makonni, har ruwan ya yi ƙasa-ƙasa. Ta biyu, a narkar da shi a toluwin, wani ruwan sinadari mai narkar da abubuwa, inda yake ba da launin shunayya mai kyawun gani, a haɗa da ruwa, a yi ta bugunsa da na'urar sauti har toluwin ya tashi. Ta uku kuwa da sinadarin THF ake yi, wani ruwan narkar da abubuwa ne shi ma.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk kwalaben ukun suna ɗaya ake rubuta musu, alhali abin da ke ciki ya sha bamban. Na jujjuyawa dunƙulensa ba tsari, manya da ƙanana a cakuɗe. Na THF sun fi daidaita, amma sukan riƙe ragowar sinadarin a jikinsu.

Wannan ragowar ba ƙaramin abu ba ce. A 2004 Eva Oberdörster ta ba da rahoton lahani a ƙwaƙwalwar kifin da aka sa a ruwan fularin na hanyar THF, labarin ya bazu cewa fularin guba ne. A 2007 Theodore Henry da abokan aikinsa suka gwada da 'ya'yan kifin zebra, suka nuna cewa abin da THF ke rikiɗewa ya zama ne ke yin ɓarnar, na jujjuyawa bai kashe kifin ba. Shi ya sa raina kan ɓaci in na karanta takardar da ta ce "fularin a ruwa" ta wuce, ba ta faɗi yadda aka haɗa shi ba. Da me zan kwatanta sakamakona?

Mai kula da ɗakin gwajinmu, wata dattijuwa Bahaushiyar Makka, ba ta karɓar kwalba sai ta tambaya: "Ɗana, wace hanya ka bi, kuma sau nawa ka wanke?" In na ce, "Hajiya, na rubuta a littafi," sai ta ce a jikin kwalbar take son gani.

Gishiri ma yana da nasa. Dunƙulen na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, shi ke sa su guje wa juna. Gishiri na raunana wannan, kalsiyam ya fi sodiyam ƙarfi nesa ba kusa ba. Ruwan Bahar Maliya na da gishiri kusan giram 40 a lita, don haka ana zuba shi suke curewa su kwanta. Gwajin da ke gabana yanzu shi ne auna yawan ruwan tekun da kowace kwalba za ta jure kafin ta cure, sannan in maimaita bayan na ƙara sinadarin ruɓaɓɓen ganye, wanda aka san yana hana su manne wa juna.