Bishara a gidajen yarin ƙasashen waje: ta wace ƙofa ake shiga?

A majami'un Zuru da Yelwa, idan aka karanta Ibraniyawa 13:3, inda aka ce a tuna da ɗaurarru kamar tare ake a ɗaure, sai zukata su motsa, zumuntar mata ta fara maganar tara baiko don kai bishara gidajen yarin Turai da Amurka. Niyyar tana da kyau. Sai dai gidan yari ba dandalin kasuwa ba ne da za a kafa lasifika a fara wa'azi.

Mabuɗin ƙofar yana hannun limamin gidan yari, wato faston da hukuma ta ɗauka aiki don kula da ibadar fursunoni. Fasto baƙo da ya sauka da bizar ziyara, komai girman muƙaminsa a gida, zai tsaya ne a bakin ƙofa. A Ingila sai an binciki tarihin mutum kafin a ba shi izini, kuma abin yakan ci watanni. Shi ya sa ake bi ta ƙungiyoyin da suka riga suka samu gindin zama. Babbarsu ita ce Prison Fellowship, wadda Charles Colson, tsohon mai ba shugaban Amurka Nixon shawara, ya kafa a 1976 bayan shi kansa ya yi wata 7 a ɗaure kan badaƙalar siyasa ta Watergate. Reshenta na duniya ya fara a 1979, kuma tana da reshe a Najeriya. A nan ya kamata mai sha'awa ya fara samun horo. Suna da darasin mako 8 da aka gina kan Bisharar Markus, da wani kan labarin Zakka a Luka 19, mai koya wa fursuna ya dubi ɓarnar da ya yi wa wanda ya cuta.

Ƙa'idojin Mandela kan yadda za a kula da fursunoni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ba fursuna 'yancin ganin malamin addininsa da riƙe littattafan ibada. Amma ƙa'ida ta 65 ta ce idan ya ƙi ziyarar, dole a rabu da shi. Wanda ya matsa wa Musulmi ko wani mai addini daban, izininsa zai tafi, watakila har da na sauran abokan aikinsa. Saudiyya kuwa ta haramta wa'azin Kirista gaba ɗaya, kada ma a soma.

A ganina, aikin da ikilisiyar Kebbi za ta iya riƙewa shekara da shekaru shi ne wasiƙa. Kuɗin jirgin mutum ɗaya zai ɗauki nauyin rubutu mai yawa. Amma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Ambulan dole ta ɗauki cikakken sunan da ke takardun kotu da lambar fursuna. Sunan da ake kiransa da shi a gida ba zai kai ta ba. A yi amfani da farar takarda da biro baƙi ko shuɗi. Ban da turare, ban da sitika, ban da ƙusar haɗa takardu, ban da kuɗi a ciki. Dalili shi ne masu safarar ƙwaya suna jiƙa takarda da ruwan ƙwaya su busar. Tun 2018 jihar Pensilbaniya ta Amurka take ba fursunoni kwafin wasiƙa maimakon ta asali, wasu jihohin ma sun bi sahu, don haka rubutun fensir yakan fito dishi-dishi.

Littafi Mai Tsarki ma haka. Gidajen yari da yawa a Amurka ba sa karɓar littafi sai daga kamfanin ɗab'i ko kantin littattafai kai tsaye, kuma mai bango mai laushi. Wanda dattijuwa ta naɗe da hannunta a Zuru, mai bangon fata da zif, dawo da shi za a yi ko ya ɓace a sito. Wasiƙar Hausa zalla kan daɗe a ofis saboda babu gandiroban da zai karanta ta, don haka a haɗa ta da fassara cikin harshen ƙasar.

Kada a sa adireshin gida ko lambar waya; a yi amfani da akwatin gidan waya na ikilisiya. Maza su rubuta wa maza, mata ga mata. Kada a tattauna shari'ar fursunan, domin ana karanta wasiƙun, kuma kada a yi alkawarin lauya ko kuɗi. Idan ɗan Najeriya ne yake kukan ba mai leƙa shi, a tuna masa cewa Yarjejeniyar Biyana ta 1963, wadda ƙasashe suka ƙulla kan aikin ƙananan ofisoshin jakadanci, ta ba shi damar a sanar da ofishin jakadancinmu.

Fursunoni ana yi musu canjin gida ba sanarwa, kuma wasiƙa ba lallai ta bi su ba. Idan wata 3 suka wuce shiru, a tambayi limamin ko an mai da shi wani wuri, sannan a sake rubutawa.