Ni da autata a gidan kifaye na Jidda

Jiya bayan La'asar na kai autata Fakieh Aquarium, nan bakin Bahar Maliya. Shekararta 4, kifin da ta sani bai wuce na cikin miya ba.

Da muka shiga wata hanyar gilashi da ke ratsawa ta ƙarƙashin ruwa, kifin shak ya gifta ta saman kanmu, ta ƙanƙame rigata, ta ƙi motsi. Na tsuguna muka kalle shi tare har ta saki jiki. Wallahi ni ma sai da na yi tasbihi.

A wajen wasan dolfin, wata dabbar ruwa mai kama da kifi, na ce mata wannan iska yake shaƙa ta wata ƙofa a kansa, uwarsa kuma nono take ba shi. Ta zaro ido: "Abba, a cikin ruwa?"

Har muka iso gida tambayar take maimaitawa.