Shekara huɗu a majalisar dokokin Sakkwato da yadda kujerar ta kuɓuce mini

Na fara neman kujerar majalisar dokokin Jihar Sakkwato ne a shekarar 2011, kuma ban ko kai ga babban zaɓe ba, domin a zaɓen fidda gwani aka kayar da ni. A lokacin ina ganin tunda na yi shekaru ina koyarwa a yankinmu, kuma na tsaya wa manoman albasa da shinkafa sa'ad da ambaliyar 2010 ta cinye fadamunsu, babu wanda zai ja da ni. Ashe daliget-daliget ɗin da za su jefa ƙuri'a ba manoman ba ne, shugabannin jam'iyya ne na gundumomi waɗanda ban taɓa zama a zaurensu ba.

Shekara huɗun da suka biyo baya na shafe su ina gyara wannan kuskure, ina bin gunduma-gunduma, har na samu tikiti a ƙarƙashin APC. A ranar 11 ga Afrilu, 2015, aka yi zaɓen gwamnoni da na majalisun jihohi, mako biyu bayan Muhammadu Buhari ya lashe zaɓen shugaban ƙasa, kuma kalmar da ke bakin kowa ita ce "sak", wato a dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa. Na yi nasara da tazara mai faɗi, na zama ɗaya daga cikin mambobi 30 da ke wakiltar ƙananan hukumomi 23 na jihar. A daren da aka bayyana sakamako, bayan masu taya murna sun watse, kawuna ya kira ni soronsa, ya rage hasken fitila ya ce: "Ɗana, kada yawan ƙuri'un nan ya ruɗe ka. Mafi yawansu na Janar ne, aro aka ba ka." Na amsa da "Allah shi ƙara girma, Kawu," amma maganar ba ta zauna mini ba.

Aikin majalisa kansa na riƙe shi da gaskiya. Na zauna a kwamitoci, na karanta kasafin kuɗi shafi bayan shafi, na kuma gabatar da ƙudirori kan hanyar da motocin albasa ke maƙalewa a cikinta duk damina. Sai dai mutumin ƙauye ba ya ganin abin da ake yi a zauren majalisa. Abin da yake gani shi ne ko Honarabul ya zo ta'aziyyar mahaifinsa, ko ya ɗaga waya ranar da matarsa ke naƙuda babu motar kai ta asibiti. A shekara ta biyu na tare da iyalina a cikin garin Sakkwato, zuwana gida ya koma na ranar Juma'a, daga baya ya zama sai an yi babban rashi. Ban ga laifin masu wannan buƙata ba, domin a wurin da gwamnati ta yi nisa, ɗan majalisar jiha shi ne hukuma mafi kusa da talaka zai iya ƙwanƙwasa wa ƙofa.

A watan Agustan 2018 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya bar APC ya koma PDP, majalisa ta rabu gida biyu. Na yanke shawarar sauya sheƙa a cikin kwana biyu, a Sakkwato, ba tare da na tara dattawan mazaɓata na ji ta bakinsu ba. Labarin a rediyo suka ji shi, kuma abin da ya ɓata musu rai ke nan fiye da sauya sheƙar kanta.

Zaɓen 9 ga Maris, 2019, ya nuna yadda jihar ta rabu, domin na gwamna bai kammalu ba sai da aka sake kaɗa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga wata, inda Tambuwal ya tsira da ƙuri'a 342 kacal. Ni kuwa na faɗi da 'yar tazarar da rumfuna biyu ko uku za su iya cikewa. Na garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a cikin kwana 21 da doka ta tanada, ina da yaƙinin an yi aringizo a wasu akwatuna. Da lauyana ya nemi kofen takardar sakamako ta EC8A daga kowace rumfar da muke ƙorafi a kai, sai muka tarar da yawa daga cikin ejan ɗina ba su karɓo nasu ba. Wani ya tafi cin abinci kafin a gama ƙirga, wani ya sa hannu alhali bai iya karanta lambobin ba, ɗaya kuma ya zo mini da takardarsa a naɗe cikin hula, zufa ta dame tawadar. Ni na zaɓe su, bisa zumunci da hayaniyar gangami. Kotu ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, kuma a shari'ar kujerar majalisar jiha daga nan babu gaba.

A 2023 ban tsaya ba. Wani matashi daga cikin tsofaffin ɗalibaina ne ya fito, tunda gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da shekarun takarar wannan kujera daga 30 zuwa 25, ni kuma na karɓi aikin horar da ejan ɗinsa. Mun yi mako uku a ajin firamare bayan La'asar, kowa da kwafin EC8A a gabansa, muna koyon yadda ake gwada adadin masu zaɓen da na'urar BVAS ta tantance a rumfa da adadin ƙuri'un da aka ƙirga. Sharaɗin da na gindaya shi ne, babu ejan da zai karɓi cikon kuɗin aikinsa sai ya miƙa mini takardarsa mai sa hannu da hatimi, a cikin ledar da na raba musu tun da asuba.